Kujerar Baba Tela

Laraba da dare, watan Agusta, Dutse Uku

Yau Koci, mai horar da mu, ya cire sunana daga gasar tanis ta Abuja. Ban ga laifinsa ba. Da idonsa ya ga ina bin ƙwallo ina ɗingishi, gwiwar dama ta sake kumbura. Ya ce, "Sani, ka ji likita, guringuntsin ya cinye. Ka je ka huta." Hutu kuwa a wannan sana'a, kowa ya san ma'anarsa.

Wannan duk na daure. A masallaci na karaya, da magariba. Na zo sujada, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Da aka yi sallama, Baba Tela, wanda ya girmi mahaifina, ya turo mini kujerar robar da yake salla a kai.

"Yi nafilarka a nan, ɗana. Tawa yau da sauƙi."

Na zauna cikin tsofaffi, shi ya durƙusa ƙasa da ƙyar.

Ɗazu Inna ta kira daga Gusau, wai yaushe za su gan ni a talabijin. Na ce sanyin Jos ne ya ɗan taɓa mini ƙafa. Ta ce in shafa man zafi, zai wuce.

Na shafa, Inna.