Baba Ya Yi Kumatu, Ana Ta Yi Mana Barka

Hajiya Sa'adatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zai raba ni da yayana.

Mahaifinmu masunci ne a tabkin Madarumfa. Tsufa ya zaunar da shi, mantuwa kuma ta kama shi. Yakan yi wa Innarmu gaisuwar baƙuwa, har ya tambaye ta mutanen gidansu. Ita kuma ta ce lafiya lau suke.

Yayana Nasiru ya ji a waya wai ƙwaƙwalwa na da wasu sinadarai, sitiroyid, da in sun ragu mantuwa ke shigowa. Bai yi wata-wata ba ya hau kabu-kabu sai garin Ɗan Issa, ya faɗa wa mai maganin tebur sunan. Aka miƙo masa ƙwayoyin nan da 'yan mata ke sha don ƙiba. Tun damina Baba ke shan su a kunu.

To, Baba ya yi kumatu. Maƙwabta na ta shigowa barka, Nasiru na amsawa. Shi ko Baba ba barci, ƙishirwa ba ta ƙarewa, jiya ma ya tambaye ni 'yar gidan wa ce ni. Na shiga ɗaki na yi kuka. Ni ce auta, ba a jin tawa. Na yi niyyar in zuba ƙwayoyin a masai. In zuba?

Auta, Madarumfa

'Yata, kada ki zuba. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan magani, jikinsa ya rage yin nasa. Yankewa rana ɗaya na iya kwantar da tsoho, har ta kai ga rasa rai. Likita ne zai janye shi a hankali.

Nasiru bai ji ƙarya ba, masana na binciken alaƙar waɗannan sinadarai da ciwon mantuwa. Sai dai sitiroyid dangi ne babba, kuma na kan tebur ba shi ake nufi ba. In an daɗe ana sha yakan ƙara ruɗewa, ya tayar da suga. Kumatun nan aikin ƙwaya ne, ba lafiya ba.

Kada ki kunyata yayanki, son uba ne ya kai shi. Ki bi ta wajen Inna, ta sa shi ya kai Baba asibiti a Maradi cikin makon nan, da kwalin maganin a hannu.

Sauran abin da ba ki tambaya ba: mai yiwuwa mantuwar ba za ta warke ba. Duk sanda ya tambaye ki 'yar gidan wa ce ke, ki zauna kusa da shi ki ce tasa ce, ko sau nawa ne. Allah ya ba shi sauƙi, ya ba ku juriya.