Ƙofar Gidan Ba Tamu Ba Ce

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Allah a makwancinki.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Baba. Ranar da direba ya ƙi sauke kwantenar shara a ƙofar gidanmu, daɗi na ji.

Bayan rasuwarki an yi ruwa mai ƙarfi, ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda kike ɗinki. Atamfofinki da labule da kujerarki duk sun yi funfuna, har ba su bayuwa sadaka. Mai gidan da muke haya ya ce a kwashe. Baba ya yi hayar kwantena a wani kamfani. Da suka tambaye shi ko akwai wurin ajiyewa, ya ce akwai fili a gaban gida.

Umma, ban taɓa ganin abu haka a kusa ba. Motar ta shigo layinmu na Stapleton, a nan ƙasar Turawa, da baya, tana ƙara, kwantenar a kanta ta fi ɗakina girma. Na tsaya ina kallo, ina tunanin duk abin da hannunki ya taɓa zai shige cikinta kuma ba za ta cika ba.

Direban ya nemi takardar izini. Ni ce tafinta tsakaninsa da Baba. Baba ya nuna titi ya ce in gaya masa nan ƙofar gidansa ce. A Zinder, in ji shi, a ƙofar gida ake kafa rumfar suna da ta makoki, ba a tambayar kowa. Direban bai yi dariya ba. Ya ce da muna da wurin ajiye mota a cikin haraba, da ya sauke babu wata takarda. Amma titi na hukuma ne, sai da izininta. Ya juya da kayansa.

Hajiya Ramatu, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, tana leƙe ta taga. Ta ce, "Alhaji, a garin nan kana sauka daga matakalarka, kai ma baƙo ne."

Kamfanin ya ce shi zai nemo izinin, ya kuma karanta min sharuɗɗa a waya. Akwai ranar sauke ta, akwai ranar ɗauke ta. Ba a tare famfon 'yan kwana-kwana, ba a tare hanyar masu tafiya a ƙasa, kuma sai da alama mai ƙyalli don motoci su gan ta. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Gari mai girma haka, wanda ko Baba bai san ƙarshensa ba, amma ya san da ɗan wurin nan na gaban tagarmu.

A kwanakin jira, ina dawowa daga makaranta sai in rufe hanci in sauka wurinki. Alluranki na nan a soke a bakin labule. Na tuna kina cewa, "Hafsa, allura ba ta kwana a ƙasa." Ƙarƙashin warin, in na daɗe, ina jin ɗan ƙamshin turarenki.

Yau saƙon ya shigo wayata: izini ya fito. Lambata Baba ya bayar, don haka ni kaɗai na sani. Na daɗe riƙe da wayar. Da na yi shiru, da ɗakinki ya ƙara kwanaki. Amma warin ya fara hawowa, ƙanwata Amina kuma ta fara tari. Bayan la'asar na gaya wa Baba.

Allah ya jiƙanki, Umma, ya haskaka kabarinki, ya sada mu a Aljanna.

Baba ya ce zai nemo masu kwasa. Su ɗauki kujera da katako. Atamfofin kam ni zan hau da su. Zan ninke kowace ɗaya yadda kike ninkewa, in shiga cikin kwantenar in ajiye ta da hannuna. Ba wanda zai jefa su.

'Yarki mai kewarki,
Hafsa