Murhun Gidan Mannheimer

Asabar, 2 ga Nuwamba, 1935

Na dawo ƙauyenmu na Jamus da digirin falsafa, na tarar jahilci ya yi sabon gida. 'Yan Nazi sun kafa akwati mai gilashi a bakin kasuwa, suna liƙa jarida a ciki: zanen Bayahude da ƙaton hanci yana haɗiye gonar talaka. Tsagwaron shirme! Ƙarya fure take yi, kuma hujja ɗaya daga bakin mai ilimi ta isa ta kakkaɓe furen.

Gwiwoyin Inna sun ƙi, saboda haka ni na tsallaka a madadinta na hura wa maƙwabtanmu Yahudawa, Baba Mannheimer da Iya Rosalie, murhun ɗumama ɗaki. Addininsu ya hana su kunna wuta ran Asabar, ya kuma hana su roƙa kai tsaye. Tun ina yaro Baba yakan leƙo ta taga ne kawai ya ce, "Yau akwai sanyi," mu kuwa mun san sauran. Iya ta ba ni burodinsu mai kitso. Baba ya ce, "Ga mai digiri da toka a hanci."

Laraba, 13 ga Nuwamba

A mashaya na warware wa Ottokar mai gidan burodi, abokin ƙuruciyata, illar yanke wa al'umma hukunci ba tare da dalili ba. Jawabi ne da ya cancanci zauren jami'a. Ya gyara sabuwar rigarsa ruwan ƙasa ta 'yan Nazi ya ce, "Farfesa, sha giyarka. In ƙarya ce, ya aka yi aka buga ta a jarida?" Aka kwashe da dariya. Na tambaye shi wane Bayahude ya taɓa cutarsa. "Ai Mannheimer daban ne, sauran nake nufi." Bai taɓa ganin sauran ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Yara na rera baitukan akwatin a wasan tsallake igiya. Ottokar ya daina cewa Mannheimer daban ne.

Talata, 3 ga Disamba

An saka ni a akwatin. Zanena ne, ɗauke da itace, a ƙasa an rubuta "Baran Yahudawa". Shugaban makarantar da na nemi aikin koyarwa ya kira ni cikin matuƙar ladabi: "Gurbin malami yana nan, Malam Wendelin. Sai dai iyayen yara suna karanta akwatin." Na shirya masa amsa mai sassa uku. A hanyar gida na faɗe ta, ni kaɗai.

In wannan gurbi ya kuɓuce, babu wani. Me zan yi da falsafa, noman dankali?

Asabar, 7 ga Disamba

Ta ƙofar baya na shiga, kafin unguwa ta tashi. Baba ya ce, "A jami'ar aka koya maka shigowa ta baya?" Shi kaɗai ya yi dariya, ita ma gajera. Tarin Iya ya ƙaru. Burodin na ɓoye shi cikin riga.

Asabar, 14 ga Disamba

Ƙanƙara ta rufe titi. Taga ta buɗe. "Yau akwai sanyi, Wendelin." Ottokar yana ƙofar shagonsa yana kallo. Na ce, "Akwai kam, Baba," na wuce.

A mahangar hankali, inda babu roƙo babu ƙi. Bai roƙe ni ba. Na maimaita wa Inna wannan ƙa'ida, ta ce, "Ni dai gwiwa ce ta hana ni, ɗana. Rosalie ce ta karɓi haihuwarka."

Asabar, 21 ga Disamba

An cire zanena daga akwatin. Zan fara koyarwa bayan Kirsimeti. Ottokar ya saya mini giya, ya kira ni Farfesa ba tare da ba'a ba.

Yau tagar ba ta buɗe ba. Babu hayaƙi a saman rufinsu, tarin kuwa ana jin sa har ɗakina. Amma tsakani da Allah, me zai hana su kunna ashana da kansu? Mutanen nan da taurin al'ada.

Na ga na rubuta "mutanen nan". Tawada ce, ba ta goguwa.