Asabar a Ɗakin Cigiya

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki? Ina fata kina shan maganin likita, ba na maƙwabta ba. Ki gaida maigidan da yara.

Kin tambayi labarin 'ya'yana. Tun da uwarsu ta sake aure ban gan su ba, sai yanzu aka yanka mini Asabar ɗaya a wata, jiya kuma na karɓi ta farko. Na kai su lambun wasan yara na bayan tasha. Kin san halin ma'aikacin ɗakin karatu, sai da na karanta littattafan tarbiyya kafin in fita. Babu marubucin da ya faɗi yadda ake yi idan ɗanka ya ƙi riƙe hannunka.

Lambun ya tsufa. Lilo ya yi tsatsa, ruwan tafki ya koma kore, biri ɗaya ya rage a keji, yana kallon mutane kamar mai jiran fansho. Babbar, wadda nake kira Lauya saboda gardama, babu abin da ba ta hau ba. Auta kuwa, da aka fita da shi daga gidana a goye, kallon baƙo yake mini. Mijin uwarsa ne Baba. Ni ya raɗa mini Mai Gilashi. Na yi dariya, don ban ga abin da zan yi ba.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙaninki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji gwiwa ta yi sauƙi, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai jikina ƙalau.

Asabar ɗin wannan watan na ɓatar da Auta. Mun tsaya gaban kunkuru, na duƙa ina karanta musu allon bayani, har ina ƙara abin da allon bai faɗa ba. Da na ɗago, Lauya ce kaɗai a gefena, ita ma hamma take yi. Na zaga lambun nan ina ƙwala kira, har takalmina ya tsinke. Can sai lasifika ta yi cigiyar iyayen wani yaro mai jar riga.

Na same shi a ɗakin cigiya, zaune kan benci yana shan alawa. Ashe suna da doka: ba sa miƙa yaro sai shi da ƙafarsa ya taho wurin mai nemansa. Dokar mai kyau ce, da ni aka tambaya ma haka zan tsara ta. Na tsuguna, na buɗe hannuwa. Yaya, yaron nan ya dube ni, ya zagaya bayan ma'aikaciyar ɗakin ya cukuikuye zanenta. Lauya ta yi ta rantsuwa cewa ni ne ubansu, aka ce ba a karɓar shaidar yara. Masu gadi biyu suka tare ƙofa. Dole na ba da lambar uwarsu.

Mijin ne ya zo, da kayan aikinsa na gyaran wuta. Tun daga ƙofa Auta ya ruga ya ɗafe shi. Da mutumin ya zage ni, da na samu sauƙi. Sai ya gaishe ni da ladabi, ya ba ni haƙuri, ya ba ni aron silifas daga motarsa.

Ƙaninki, mai jiran hukunci.

Yaya,

Fatan kin tashi lafiya. Na gode da faɗan da kika yi mini, na cancanta.

Uwarsu ta ce an soke Asabar har sai yaran sun yi wayo. Mijin ne ya roƙar mini. An daidaita cewa zan ci gaba da ganinsu, amma da rakiyarsa. Kin ce in ƙi, don mutuncina. Na auna mutuncin da ganin fuskarsu, na amince.

Jiya muka je. Shi ya saɓa Auta a wuya, Lauya tana gaba, ni ina baya da jaka da gorar ruwa. Wani mai ɗaukar hoto ya tare mu, ya jera su gaban tafki, ya roƙe ni in ɗan matsa gefe kada in shiga hoton iyali. Na matsa. Hoton ya yi kyau, zan aiko miki.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki.