Kek Mai Wuta a Watan Yuli

Deloraine, 5 ga Yuli

'Yata Glenys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya Brisbane? Ni lafiya lau, in ban da gwiwa, ita kuwa mun daɗe ba ma shiri.

Littafin tallan gidan tsofaffin da kika aiko ya iso. Takardarsa mai kauri ce. Na ninka shi biyu na tura ƙarƙashin ƙafar teburin cin abinci, wadda take rawa tun mahaifiyarki tana da rai, yanzu ta tsaya cak. Na gode.

Ban manta da sharaɗinki ba. Sau biyu ƙararrawar hayaƙin da kika sa aka liƙa min a rufi ta yi kuka ta kai ƙarata wayarki, duk a kan burodin da na manta a wuta. Kin ce in ta yi na uku in haɗa kayana. Na yarda. Amma shekarata hamsin da ɗaya a gidan nan, zan kuma nuna miki da saurana.

Ranar Asabar ta ƙarshen wata zan yi Kirsimetin Yuli, yadda marigayiya take yi mana cikin sanyi, tunda a ƙasar nan Disamba lokacin zafi ne, ba ya barin mutum ya ci abin kirki. Shekara uku ke nan ba mai zama a teburin nan sai ni da rediyo. Baƙina biyu: Thelma maƙwabciyata, da Merv da muka yi aikin jirgin ƙasa tare. Da na gayyaci Merv sai ya ce, "Kai za ka yi girkin? To bari in rubuta wasiyya tukuna."

Na manna auduga a gilashin taga a matsayin dusar ƙanƙara, na sayo hulunan takarda, na goge jan mayafin tebur. Kek ɗin Kirsimeti kuwa na bi rubutun mahaifiyarki, na ɗaure shi a ƙyalle, awa shida yana tafasa ina zaune ina gadinsa. Yanzu yana rataye a ɗakin wanki, nakan leƙa shi safe da yamma.

Ki gaishe min da kowa.

Mahaifinki,
Clarrie Pybus

Deloraine, 28 ga Yuli

'Yata Glenys,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni ma lafiya, sai 'yar mura, za ki ji inda na samo ta.

Ki lura da kyau, wayarki ba ta yi ƙara ranar Asabar ba. Ki riƙe wannan kafin ki ci gaba da karatu.

Ƙarfe biyar muka zauna, da hulunanmu a ka. Naman ya ɗan yi tauri, Merv ya ce ya san tunkiyar tun tana budurwa, amma ya ƙara. Sai aka zo kan kek. Kin san mahaifiyarki ba ta taɓa kawo shi tebur haka kawai ba, sai ta kashe fitila, ta zuba masa barasa, ta ƙyasta ashana, ta shigo da shi yana ci da wuta. Thelma ta ce, "Clarrie, mu ci shi haka, ba wanda zai kai ka kotu." Na ce kek ɗin matata Noeline ba ya ciwuwa a kashe. To ga ƙararrawarki a saman kaina tana min kallon ɗan sanda.

Dabarar da na yi ita ce in kunna shi a tsakar gida su kalla ta taga. Ashe audugata ta toshe tagar, ba a ganin komai. Dole suka fito cikin sanyin nan da hulunan takarda, Thelma riƙe da butar kastad.

A nan zan faɗa miki abin da ban so faɗa ba. Da na ɗauko farantin na iso bakin ƙofar baya, sai abu ya gagara. Matakala uku ce kacal, na tsaya ina kallonta na kasa sauka. Thelma ta miƙa wa Merv butar, ta ce min, "Kawo nan, kafin ka ciyar da karen unguwa." Ta karɓa, ta ɗora a kan kujerar lambu, ta dawo ta riƙe min hannu. Ta sauko da ni.

Sau biyu iska tana kashe ashanar. Merv ya ce, "Matsa, tsoho, shekara talatin ina hura wa jirgi wuta." Ya ajiye butar, ya juye wa kek ɗin rabin kwalbar barasa, ya sunkuya don ya tare iska, ya ƙyasta. Kek ya kama, hularsa ma ta kama. Thelma ta fizge butar ta juye masa kastad a ka. Ya lashi wanda ya gangaro masa ta hanci, ya ce sukari bai ji ba.

Ko gashi ɗaya bai ƙone ba, tunda dama ba shi da shi. Muka tsaya muna kallon shuɗiyar wutar nan har ta mutu, ina dariya ina share ido. Ta bayan irin wutar nan nakan hango fuskar mahaifiyarki tana shigowa daga kicin.

Bisa sharaɗi na ci ki, da na yi shiru ma da ba ki sani ba. Amma ban iya yi miki ƙarya ba: ni kaɗai da ban iya ba. Thelma ta karɓi makullin gidan nan guda ɗaya, ta ce duk safiyar da ƙarfe takwas ta yi ban ɗaga labule ba za ta shigo ba sallama. Mun kuma tsayar da cin abinci tare duk ranar Alhamis, gida-gida. Hukunci yana hannunki. Jakata tana kan kabad, ban sauke ta ba.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Clarrie

Deloraine, 9 ga Agusta

'Yata Glenys,

Ina gaishe ku duka, da fatan jikokina suna lafiya. Mura ta tafi.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku, ta ukun a gaban Thelma da Merv. Na gode, 'yata. Jakar za ta zauna inda take. Na yarda da sababbin sharuɗɗan: za a kafa min ƙarfen dafawa a matakala, Merv kuma ba shi ba ashana. Ya ce an zalunce shi.

Alhamis mai zuwa a gidana ne. Thelma ta ce mu yi shigar bakin teku, ni da ko a lokacin zafi ba na nuna gwiwata. Na ajiye miki yanki ɗaya na kek, zai kai Disamba, barasar da Merv ya shayar da shi ba za ta bari ya lalace ba.

In mutanen gidan tsofaffin sun sake aiko miki da littafinsu, kada ki jefar, ki turo min. Ɗaya ƙafar teburin ma ta fara rawa, ga shi yanzu mu uku ne muke jingina da shi.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Clarrie Pybus