Ƙwarin da Suka Fi Ni Gata

Yaya Lauratu,

Gaisuwa mai yawa daga Beljiyam. Ya ƙafar Inna? Ya zafin Garwa?

Ni lafiya lau, tarin ma ya yi sauƙi. Aikina a ɗakin bincike kiwon wasu ƙwari ne, ƙanana kamar tsaki, da aka ɗebo cikin ƙasar bakin Binuwai. Wallahi sun fi ni gata! An yi musu akwati mai ɗumi irin na gida. In suka rage motsi, hankalin farfesa ya tashi. Ni da na kwanta jinya, ko sannu.

A aiko mini da yajin Inna, Allah ya saka.

Nakan buɗe akwatin in shaƙi ƙamshin ƙasarmu. Su da danginsu aka kawo su, Yaya. Ni kuwa ni kaɗai.

Ƙanwarki,
Mardiya