Jirgi Ya Kai Ni da Zafina

Zuwa ga Maman Yara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yaran, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, hannun dama ne kawai ya kumbura, shi ya sa rubutun ya karkace. Daga ofishin 'yan sanda nake rubuto miki.

Kin san tunda na fara tuƙi har na mallaki tireloli na kaina, ban taɓa zuwa garin nan ba sai ta hanya, asuba zuwa faɗuwar rana. Duk abin da na ɗauko a ciki, ramukan titi ke zazzage min shi kafin in iso. To, da Autarmu ta bugo waya tana kuka mijinta ya sake dukanta, kika ce in hau jirgi. Wallahi tafiyar ko awa ba ta kai ba. Shayin da suka ba ni bai huce ba aka ce mu ɗaura bel za a sauka. Ni ma ban huce ba.

Na same ta ido a rufe, haƙori ɗaya babu. Ta ce ya gaya mata kafin ubanta ya ƙaraso da tsohuwar motarsa kumburin ya sace. Ban zauna ba. Na tarar da shi a kemis ɗinsa yana auna wa wata mata maganin tari. Ya buɗe baki zai gaishe ni, na damƙi ƙeyarsa na haɗa fuskarsa da gilashin kantar shagon. Gilashin ya tarwatse, jini ya wanke kwalayen magani. Na ja shi ƙofa, na sa hannun da yake dukanta da shi a bakin ƙyauren ƙarfe, na rufe sau biyu. Maza huɗu suka ɓamɓare ni. Kada ki ce min komai, 'yata ce.

Mijinki,
Mai Tirela

Maman Yara,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Lauya ya ce beli sai an ga yadda yaron ya kwana. Likita ya ce yatsunsa ba za su ƙara riƙe cokali ba.

Auta ta zo ɗazu. Na zaci godiya za ta yi. Ta tsaya nesa, ta ce matar nan mai tari ta suma a wurin, ita Auta kuma unguwa duk ana nuna ta da baki. Na miƙa hannu ta tsakanin ƙarafunan ɗakin da aka kulle ni in taɓa idon nata. Maman Yara, sai ta kare fuskarta da hannu biyu, ta ce, “Yi haƙuri, Baba.”

Gobe direbana zai kawo miki ita. Ki gyara mata ɗakinta. Idan na fito, zan kwana biyu a gareji tukuna, har sai ta ce in shigo gida.

Naki,
Mai Tirela